Yadda na kai wa Kawu tsarin Agile a Aboabo

Kwas na kwana uku aka tura mu daga wurin aiki a Accra, na dawo kaina cike da Agile, wato tsarin gudanar da aiki zango-zango. Malamin ya ce mutum 17 ne suka taru a jihar Utah ta Amurka a 2001 suka rubuta ƙa'idojinsa, kuma wai ko'ina yana aiki. Wannan "ko'ina" ɗin ce ta ja mini.

Da azumi na je Kumasi, na tarar da shagon ɗinkin kawuna a Aboabo yadda na san shi: saura mako biyu Sallah, yadi har rufi, kowa an ce masa "gobe". Na ce, "Kawu, mako biyu ai zango guda ne cif a tsarin Scrum, wani salo na Agile. Ka bar mini." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ɗan boko, bismilla."

Na ja alli na raba bango gida uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Kanban ke nan, dabarar kamfanin Toyota. Kowane ɗinki da 'yar takardarsa mai gam.

Sai taron safe, a tsaye, minti 15. Gaisuwa kaɗai ta cinye 12: an tashi lafiya, ya ibada, ya jikin tsohuwa. Kawu kuwa daga kan kujera ya halarta, ya ce tsayuwar tarawihi ta ishe shi.

Rana ta biyar dumso ya ɗauke wuta, na fita shan iska. Da ta dawo, fanka ta tashi da ƙarfinta ta kakkaɓe takardun duka. Ƙaramin yaron shago, sarkin ladabi, ya tsince su ya manna a gidan An gama, don nan ne ya ga fili. Na shigo na ga bango, har da hamdala, na kira mutum tara a waya su zo su karɓi kaya.

Wata Hajiya tun daga Tafo ta hau trotro, da azumi a bakinta, ta tarar ko almakashi bai taɓa leshinta ba. Ba ta zage ni ba. Ta dai tambayi Kawu, "Alhaji, wannan ɗan waye?" Kawu ya ce shi ma baƙo ya gani.

Bayan Sallah na dage sai an yi zaman waiwaye, don a kwas an ce nan ne ake koyon darasi. Kowa ya rubuta, ba sa hannu: me ya yi kyau, me ya ɓaci, me za mu daina. Takarda biyar na tara. Huɗu sunana ne a ƙarƙashin "me za mu daina".

Ta biyar da ajami aka rubuta, kuma mutum ɗaya ne ke ajami a shagon. "Allah ya kiyaye hanya," in ji ta, ga kuɗin motar Accra a naɗe a ciki.