Yadda Rikici Yake Sauya Tauraron Gajeren Labari

Na daɗe ina karanta gajerun labarai, kuma akwai wani kuskure da nake yawan cin karo da shi, har ya sa na ga ya dace in yi magana a kansa. Marubuta da dama suna ɗauka cewa da zarar sun jibga wa tauraron labarinsu wahala, to sun gama nuna yadda rayuwa ta sauya shi. Za a kashe masa mahaifi a shafin farko, a kore shi daga aiki a na biyu, a kwantar da shi a asibiti a na uku, amma idan ka kai ƙarshe sai ka tarar mutumin da ka fara da shi ne yake nan tsaye, tunaninsa bai gusa ko taku ɗaya ba, illa hawayen da suka ƙaru. Mai karatu zai tausaya masa, sai dai tausayin ba ya daɗewa, domin komai faɗo masa ya yi, babu abin da ya aikata da hannunsa.

A ganina, rikici yana fara aikinsa ne a daidai lokacin da ya tilasta wa tauraro zaɓi tsakanin abubuwa biyu da yake ƙauna, ta yadda duk wanda ya riƙe sai ɗayan ya kuɓuce masa. Mu ɗauki misalin wani ma'aji wanda bai taɓa cin abin da ba nasa ba, kuma yana alfahari da hakan har yana raina duk wanda ya ji an kama da rashin gaskiya. Wata rana da yamma yana duba littafin lissafi sai ya ga giɓi, kuma sa hannun da ke ƙasan takardar na yayansa ne, wanda ya riƙe shi tun suna marayu, ya ɗauki nauyin karatunsa, ya kuma samo masa wannan aikin. Washegari masu binciken kuɗi za su zo. Ga alƙalami a hannunsa, kuma gyaran lamba ɗaya ya isa ya rufe maganar. Gaba kura, baya sayaki. Idan ya gyara, ya daina zama mai gaskiyar da ya san kansa da ita. Idan ya ƙi, ya zama ƙanen da ya tona asirin wanda ya raine shi. Ko wanne ya ɗauka, mutumin da zai kulle ofishin nan ya fita ya bambanta da wanda ya buɗe shi da safe.

Tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya yi bayanin abubuwa biyu da suke girgiza mai kallon wasan kwaikwayo, wato juyewar al'amura da kuma fargar da tauraro yake yi, inda yake fita daga rashin sani zuwa sani, ya kuma ce sun fi armashi idan suka zo tare. Fargar nan ita ce mafi wuya a rubuce, kuma a gajeren labari wahalarta ta fi yawa. Marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya nuna a 1842 cewa ƙarfin gajeren labari yana cikin karanta shi a zama ɗaya da kuma barin tasiri guda a zuciyar mai karatu. Ke nan babu filin bin tauraro shekara da shekaru yana sauyawa a hankali, kamar yadda dogon labari yake yi. Dole marubuci ya zaɓi sa'ar da ginin ya tsage, ya tsaya a wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne nadamar da ake manna wa tauraro a sakin layi na ƙarshe, inda mugu zai yi hatsarin mota, ya farka a gadon asibiti yana neman gafarar kowa. Hatsarin bai taso daga halinsa ba, don haka tubar ma ba ta da saiwa, kuma mai karatu yana jin hannun marubuci yana tura shi. Na fi girmama labarin da tauraronsa ya ga gaskiya ƙiri-ƙiri ya kuma kau da kai, domin mun ga ƙofar da aka buɗe masa, mun kuma ga ya rufe ta da kansa, kuma wannan ma sauyi ne, tunda daga wannan rana, da saninsa yake ɓata.

Sannan ba sai marubuci ya rubuta cewa tauraron ya zama wani mutum daban ba, domin ƙaramin aiki ya wadatar. A labarin ma'ajin nan, ni da zan rufe shi, zan nuna shi ne bayan mako guda yana zaune da abokan aikinsa, ana zagin wani da aka kama da sata, suka juyo suna jiran ya tofa albarkacin bakinsa kamar yadda ya saba, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya alƙalamin nan a tsakanin yatsunsa, bai ce uffan ba.