Neman jami'a a Amurka: lissafin kuɗi na iyaye ne, fom na yaro

Daga watan Agusta, lokacin da shafin Common App, inda ɗalibi ke cike fom ɗaya don neman jami'o'i da yawa, ke buɗe sabon zangon neman gurbin karatu, har zuwa 1 ga Mayu da yawancin jami'o'in Amurka ke jiran amsar ɗalibin da suka ɗauka, gidaje da yawa ba su da hirar dare sai ta gaban kwamfuta. Yaro ne ke neman karatu, amma sau da yawa uwa ko uba ne ke zaune a kujerar. Ban ga laifin hakan ba, domin wanda zai biya kuɗi ko ya ci bashi yana da haƙƙin sanin inda ɗansa zai tafi. Abin da ke damuna shi ne iyaye suna ƙarar da ƙarfinsu a shafukan da ba su amfane su da komai ba, sannan su karɓe wa yaro aikin da nasa ne.

Shafin farko na kowace jami'a talla ne: ciyawa kore shar, ɗalibai na dariya a ƙarƙashin bishiya, bidiyon zagaya harabar makaranta. An tsara shi ne don masu nema su yi yawa, kuma mai talla ba ya kushe hajarsa. Daga nan iyaye kan wuce jadawalin mujallar U.S. News, wadda ke jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa tun 1983, su riƙe lambar da suka gani kamar hukuncin kotu. A 2022 wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya bi diddigin alƙaluman da jami'arsa ta miƙa, ya nuna akwai lauje cikin naɗi. Daga baya jami'ar ta amsa cewa wasu alƙaluman ba daidai ba ne, kuma ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Malaman dai su ne, azuzuwan ma su ne. Uban da ya matsa wa ɗiyarsa a kan wannan lamba ya dogara ne da abin da makarantar ta faɗa game da kanta.

Shafin da ya shafi iyaye kai tsaye yana can ciki, galibi a ɓangaren tallafin karatu. Wata doka ta 2008 ta wajabta wa jami'o'in da ke cikin tsarin tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya su sanya ma'aunin ainihin kuɗin makaranta a shafukansu, kuma wa'adin ya cika a Oktoban 2011. Za ka rubuta abin da gidanku ke samu a shekara, da yawan mutanen gidan, wani wurin har da ajiyar da kuke da ita. Sai ya haɗa kuɗin karatu da na ɗaki da abinci da littattafai, ya cire tallafin da ake sa ran samu, ya nuna maka abin da zai fito daga aljihunka. Kiyasi ne, ba alkawari ba, amma yana buɗe ido. Iyali mai ƙaramin ƙarfi kan ga farashin da wata jami'a mai zaman kanta ta rubuta a fili, su rufe shafin nan take, alhali bayan tallafi tana iya fin jami'ar jiha sauƙi a gare su. Irin wannan asarar ta fi ba ni takaici, don yaron bai ma nema ba balle a hana shi.

Akwai kuma shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi, wanda tun 2015 yake nuna yawan ɗaliban da ke kammalawa, da bashin da suke fita da shi, da abin da suke samu bayan sun kama aiki. A nan ne ake gane ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Idan takardar tallafi ta iso, uba ne ya kamata ya zauna ya ware kyauta daga rance, domin wasu jami'o'in kan jera su wuri ɗaya, har da rancen Parent PLUS wanda sunan mahaifi ke kansa. Haka yarjejeniyar neman gurbi da wuri ta watan Nuwamba, wadda ke ɗaure ɗalibi da jami'a ɗaya idan ta ɗauke shi: mahaifi ma yana sa hannu, don haka kada ya sa sai ya yi lissafinsa. Fom ɗin tallafi na FAFSA shi ma ya ware wa iyaye nasu ɓangaren, da nasu asusun shiga daban.

Inda nake ganin ana wuce gona da iri shi ne fom ɗin yaro. Uwa ta riƙe kalmar sirri, ta sa adireshin imel ɗinta a madadin nasa, ta amsa saƙon jami'a da sunansa. Sai a zo rubutun da ɗalibi ke gabatar da kansa, wanda Common App ya taƙaita wa kalmomi 650. Yaro ya rubuta labarin yadda ya koya wa ƙaninsa karatu, da yarensa na ɗan shekara 17, uba ya goge ya zuba masa manyan kalmomi a kan shugabanci da hangen nesa. Masu karanta waɗannan rubuce-rubuce suna ganin ɗaruruwansu a zango ɗaya, kuma muryar babba ba ta ɓuya a bakin yaro. Bayan haka, ɗalibin ne zai tabbatar a ƙarshen fom cewa aikin nasa ne. Mene ne aka koya masa a wannan daren?

Na san abin da iyaye za su ce: yaro yana mantuwa, kuma wa'adi ba ya jiran kowa. Gaskiya ne. A rubuta ranakun a manna a bango, a riƙa tambayarsa inda ya kwana, a karanta rubutunsa a gaya masa wurin da ba a gane ba. Duk wannan ba ya buƙatar kalmar sirrinsa. Kuma riƙon ba mai ɗorewa ba ne, domin a ƙarƙashin dokar FERPA ta 1974 mai kare sirrin bayanan ɗalibai, da zarar ɗalibi ya fara jami'a ikon bayanan karatunsa ya koma hannunsa, kuma jami'o'i da yawa ba za su nuna wa mahaifi sakamakon jarrabawa ba sai da izinin ɗan. Yaron da bai taɓa aika wa jami'a saƙo da kansa ba, shi ne zai yi rajistar darussa kuma ya bi ofishin tallafi shi kaɗai a makon farko.