Ƙibar Matan Masar: Sikeli Ba Ya Faɗin Gaskiya Duka

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen ƙibar matan Masar, sai ka ji an ɗora laifin kan kwaɗayi da son jiki. Ni wannan maganar ba ta gamsar da ni.

Matsalar dai tana nan. A gangamin "Lafiyar Miliyan 100" da gwamnatinsu ta yi a 2018 zuwa 2019, wanda asalinsa na ciwon hanta nau'in C ne, an auna nauyin mutane, aka tarar kusan rabin matan da aka duba ƙibarsu ta wuce kima. Har Shugaba Sisi ya fito yana cewa a rage teɓa.

To a rage da me? Burodin aish baladi, mai tallafin gwamnati, ya shekara fiye da 30 a kan ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kwabon Masar), sai a Yunin 2024 ya koma 20. Katin tallafin abinci na gwamnati kuma sukari da man girki yake bayarwa. Koshari, abincin talakan Alƙahira, shinkafa ce da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya, a bi da shayi mai zaƙi caɓa-caɓa. Uwar da ke ciyar da 'ya'ya biyar abin da aljihu ya iya take dafawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake aunawar. Mata biyu za su hau sikeli nauyinsu ɗaya, amma ɗaya kitsenta a cinya da mazaunai yake, ɗayar kuwa a tumbi. Ta biyun ce ke cikin haɗari. Kitsen da ya naɗe 'yan hanji kai tsaye yake tura maiƙo zuwa hanta, hantar ta cika jini da shi, kolestirol mai amfani, wato HDL, ya yi ƙasa. Ciwon suga da na zuciya ta nan suke shigowa. Idan mace ta daina al'ada kuma, kitsen yakan ƙaura daga ƙugu zuwa ciki ko da nauyinta bai motsa ba.

Tef ɗin tela ya isa ya nuna wannan. Zagayen cikin mace daidai cibiya in ya kai santimita 80 an fara lura, in ya haura 88 kuwa sai gwajin jini. Siririya mai tumbi ma ba ta tsira ba, kuma ita ce ba wanda ke turawa asibiti, don kowa gani yake lafiyarta ƙalau.