Caca da gonar gado

Jiya bayan la'asar na wuce ta shagon caca na bakin layinmu, sai ga yaron da na sani tun yana goye zaune kan benci ya zuba tagumi, takardun wasa a yayyage a gabansa. Ashe rabonsa na gonar gado ya sayar, wai zai dawo da abin da aka cinye masa. Wallahi raina ya ɓaci.

Samari, wannan ciwon na "saura sau ɗaya in fanshe" ba a kanku ya fara ba. A Ingila an yi wani basarake George Clifford, mai sarautar Cumberland, an haife shi 1558, ya gaji ubansa yana ɗan shekara 11, filaye da gidaje sai wanda ya gani. Caca da sukuwar dawaki da ƙaryar ado a fada suka lashe dukiyar. Da bashi ya kai masa wuya sai ya ƙara sayar da filaye ya haɗa jiragen ruwa, ya bazama teku tare jiragen Sifaniya masu ɗauke da dukiya, cacar ce dai aka sauya mata tabarma. Garin neman gira a rasa ido.

Jarumta kam akwai ta, har safar hannun Sarauniya Elizabeth ta ɗaya yake maƙalawa a hula. To sai me? A 1589 ya kamo ganima wajen tsibiran Azores, a hanyar dawowa ƙishirwa ta sa mutanensa tarar ruwan sama da tsummoki, jirgin da ya fi dukiya kuma ya nutse a gaɓar Cornwall ta Ingila. A 1598 ya ci garin San Juan na tsibirin Puerto Rico da yaƙi, atuni ya kwashe masa sojoji dole ya fice. Ya mutu 1605 yana da shekara 47, bashi a kansa, ya daɗe ba ya tare da matarsa Margaret, 'yarsa Anne sai da ta jira shekara 38 kafin gidan ya dawo hannunta.

Shi ko teku ya shiga, ku fa a zaune kuke kuna latsa waya, ga 'yan majalisa masu zuga ku ana ta "ranka ya daɗe" saboda kuɗin shayi da indomi. Da can yaro ko hanyar gidan caca aka gan shi, dattijon unguwa ya isa ya ja masa kunne, yanzu kowa ya kama bakinsa. Ni ma jiyan kasa ce masa komai na yi, kuma na san har yanzu tsohuwarsa ba ta ji an sayar ba.