Tallafin gwamnati ba ya sayo zuciyar mai mota

A ƙarshen 2008 shugabannin kamfanonin motocin Amurka, General Motors (GM) da Ford da Chrysler, suka je Washington neman agaji, kowa a jirgin kamfaninsa. 'Yan majalisa suka wanke su tas: ka zo bara a jirgin alfarma? Duk da haka gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 80 a harkar, kuma da GM ya durƙushe a 2009 ita ta riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari na hannun jarinsa. Wasu Amurkawa suka rantse ba su ƙara sayen motarsa, wai kuɗin harajinsu aka ci.

Ford ne ya ci ribar wannan fushi, don bai karɓi wancan tallafin ba. Tun 2006 ya jinginar da kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ciwo bashin banki. Sai ya zama ɗan halak a idon masu saye. Amma fa a 2009 ɗin shi ma ya karɓi rancen dala biliyan 5.9 daga ma'aikatar makamashi, ba wanda ya ce uffan. Ni a ganina fushin nan duk na fatar baki ne. Waɗanda abin ya taɓa da gaske su ne masu Pontiac da Saturn, motocin da GM ke ƙerawa: an ceto kamfani, an kashe samfurin motarsu, dilan garinsu ya rufe, darajarta ta faɗi a hannunsu.

Mu ma mun gani a Kaduna. Kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara aiki a 1975, kuma akwai lokacin da daga gwamna har direban tasha fijo 504 suke hawa. Bashi ya danne shi, AMCON, hukumar gwamnati mai sayen basussukan banki da aka kasa biya, ta karɓe shi a 2012. Masu saye sun dawo? Ina! Mai neman mota ba ya tambayar wa ke da hannun jari. Bakanikensa yake kira: "Oga, ana samun kayanta a Panteka? Tana shan mai? In na tashi sayarwa zan fita?" Abin da bakanike ya faɗa shi ne hukunci.

Har gobe 'yan Arewa na son 406, wannan ba gardama. Sai dai akasari 'yar Kwatano suke saye, wadda wani Bature ya gama morewa, kuma ko sisin kuɗinta ba ya shiga aljihun ma'aikacin Kakuri.