Rashin waya ba ya tsabtace sigina

Da yawa suna ɗauka cewa tunda na'urar auna bugun zuciya ko motsin tsoka ba ta da waya, sakamakonta zai fito tsaf. Ba haka ba ne. Aikin Bluetooth kai saƙo zuwa kwamfuta ne kawai, matsalar tana kan fata. Siginar zuciya ba ta wuce kusan milibolt 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗin lantarki, don haka gashi, maiƙo ko mannin da ke haɗa na'urar da fata idan ya bushe sun isa su dagula ta. A aske wurin, a goge da auduga da sifirit, a bari ya sha iska kafin a manna. Wutar lantarkin ɗakin ma, mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, takan kutso idan mannin bai kama fata sosai ba.