Kada ka ɗauki jaka zuwa Legas kafin takarda ta zo hannunka

Jiya da daddare wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya kira ni, wai ya yanke shawarar tattara ya-nasa-ya-nasa ya tafi Legas, ya sauka wajen wani ɗan unguwarsu a Agege, daga nan ya fara neman aiki a manyan kamfanonin odita, masu binciken lissafin kuɗi. Na ce masa ya dakata. Ya ji haushi, na gane daga yadda ya yi min sallama a gajarce.

Ni na taɓa yin wannan gangancin, shi ya sa ba na iya yin shiru.

Kamfanonin nan huɗu da kowane ɗalibin akanta ke mafarki, KPMG da PwC da Deloitte da EY, ba sa ɗaukar sabon ma'aikaci don ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da fayil a hammata. Lokaci gare su. Su buɗe shafi a intanet, ka cike, a yi maka jarabawar lissafi da tunani, sai wanda ya haye a kira shi intabiyu. Wannan matakin na farko kana zaune a Kano ko Zariya za ka yi shi, in dai kana da data da wutar caji. To me ya kai ka biyan kuɗin mota da cin bashin abinci tun ba a san sunanka ba?

Wata uku na yi ina kwana a kan tabarma a ɗakin wani ɗan uwa. Ofisoshin manyan kamfanonin nan suna can ɓangaren tsibiri, Victoria Island da Marina, ni kuwa ina Agege. Ranar da aka kira ni wata ganawa, tun kafin kiran assalatu na fita, na yi asuba a Obalende, na isa rigata ta jiƙe da gumin danfo. Aka ce an ɗage. Kuɗin da na kashe ranar ya kai na cefanen kwana uku a gida. Kuma kada ma a yi maganar haya, mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, dillali yana jiran nasa.

Abin da ya fi damuna da samarinmu shi ne suna ɓata lokaci a kan tafiya, alhali abin da ake dubawa yana wani wajen. Ana son sakamako mai kyau, yawanci digiri mai daraja ta 2:1, kuma ana sa iyakar shekaru. Yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022 ya ci wa yaranmu fiye da shekara guda a banza, don haka duk watan da ka zauna kana jira a ɗakin wani, kai ka yi asara. Da ka shiga ƙaramin ofishin odita a garinku, ka koyi yadda ake daidaita littafi da takardar banki, ka fara cin matakan jarabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, da ranar intabiyu kana da abin faɗa. Kuma ba Legas kaɗai ba ce, manyan kamfanonin huɗu dukkansu suna da ofis a Abuja, ko da yake gurbin can bai kai na Legas yawa ba.

Ban ce kada a tafi ba, wallahi a tafi. Mun yi ƙaranci a waɗannan wuraren, kuma tsoron nisa da gida yana cikin dalili. Amma ka rubuta a takardarka ƙarara cewa a shirye kake ka koma duk inda aka tura ka, in suka ba ka aiki sannan ka nemi ɗaki. Ka kuma sani daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kamfanoni ke rufe lissafin shekara, sai dare ya raba za ka ga gado, don haka ka nemi wurin kwana kusa ko da ƙanƙani ne.

Da safen nan ƙanen nawa ya turo min takardarsa ta neman aiki in duba masa. Ko gaisuwa babu.